Kazar Baba Souleymane

Kazar ta ratsa tsakar gida a guje, tsumma na reto a ƙafarta, Hajiya Ajaratu na binta da guɗa.

"Ta taka! Zaidu, tashi, ta taka!"

Zaidu na zaune a benci, ƙafar dama a miƙe, sandunansa biyu jingine da bango. Sati uku ke nan da yi masa tiyata. Jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan ƙwallo a Bè-Kpota, likita ya dasa masa wata, ya zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, ya tace ƙwayoyin ciki ya zuba a dashen ko zai fi saurin kamawa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: sati shida bisa sanduna. In ya yi gaggawa, dashen ya saki, ƙwallo ta ƙare.

Mahaifiyarsa Hajiya Ajaratu kuwa, yana kwance a asibiti ta je wajen Baba Souleymane mai ɗori, ta ce ƙafar ɗanta ta lalace. Tsohon ya yi yadda ya gada: ya karya ƙafar kaza, ya ɗaure. Ranar da kaza ta taka, mai ciwo ya taka.

Hajiya ta kwashe sandunan ta rungume.

"Mma, ba ni. Dokita ya ce sati shida."

"Dokita ya haife ka? Kaza na gudu, kai ƙato kana zaune."

Matan gidan suka fito, har da mai tafi. Zaidu ya dafa bango. Bai taɓa musa wa uwarsa a gaban mutane ba.

"To, a kira Baba. In ya ce in taka, na taka."

Tsohon ya zo bayan la'asar. Ya tsuguna, ya shafa gwiwar, ya dubi 'yan tabo uku da tiyatar ta bari.

"Ina karayar?"

"Babu karaya, Baba. Jijiya ce."

Zaidu ya ba shi labarin ɓargon.

"Naka na jikinka? Ba na saniya ba?"

"Nawa."

"Suka ɗebo daga baya suka kai gaba." Tsohon ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Shekara arba'in ina cewa a sha romon ƙashi. Ashe wasu sun gano gajeriyar hanya."

Ya juya ga Hajiya.

"Ke kuma kin sa na karya baiwar Allah a banza. Kazata ta ƙashi ce. Jijiya kuwa ba ni da kazarta. Mayar masa da sandunansa, ya cika kwanakin dokita."

Hajiya ta miƙa su, ba ta dubi ɗan ba. Ta daɗe tana kallon kazar, wadda ke tonon ƙasa gindin randa.

"To ita fa?"

"Ta gama aikinta."

"Fauziya," ta kira 'yarta, "ɗora ruwa. Baba, ba ka tafiya sai ka ci. Cinyar da ka ɗora taka ce."