Gida Mai Ɗaki Tara

Tun da matarsa ta rasu, wani kafinta ya koma kiwon tururuwa. Uwa ɗaya ce da 'ya'yanta goma a cikin 'yar kwalba. Da ya ga sun takura, sai ya sassaƙa musu gida mai ɗaki tara, ya rufe da gilashi.

Suka tare, amma suka cure a ɗaki guda. Sauran ɗakunan kuwa suka mayar da su juji.

"Butulai kawai," in ji shi. "Kwana shida ina fama."

Da autarsa ta bugo waya, ya kai mata ƙararsu.

"Baba, gidan ne ya yi musu yawa. Ka toshe ɗakunan da yashi, in sun ƙaru da kansu za su buɗe. Sauri nake, sai an jima."

Ya fita ɗebo yashi. Ya wuce ɗakin babban ɗansa, inda ya jibge guntayen katako, ya wuce na 'yan matan, cike da karyayyun kujeru. Ya dawo ya cika ɗaki takwas na gidan tururuwar da yashi, cokali-cokali, a hankali.

"Ku dai ƙaruwa za ku yi," ya ce musu.