Ba Komai a Fayil ɗin Mai Burodi

Tun ina ƙarama abokan aikin Baba suke kiransa Kundi, saboda shi lauya ne da ba ya rubutu. Mutum zai zauna ya zazzage masa damuwarsa, shi kuwa ya harɗe hannu ya lumshe ido, kai ka ce barci yake. Bayan shekaru sai ya maimaita maka zancenka har da inda ka yi tari. Fayilolinsa na nan jere a kan kanta, suna ne kawai a bango, ciki fayau. In an yi masa magana sai ya ƙwanƙwasa goshi da yatsa ya ce, "Nan ba gara, ba gobara." Ni dai wannan alfaharin ya daɗe yana ba ni haushi, amma wa ya isa ya faɗa?

Bara wani mai gidan burodi ya sha kaye a shari'ar filin da yake sana'a a kai. Baba ya ce kada ya damu, za su ɗaukaka ƙara. Wa'adi ya zo ya wuce bai shigar da komai ba, domin ranar a kansa kawai take, kan kuma ya fara yoyo. Aka rushe tanderun mutumin. Ya kai kuka gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, kuma ban ga laifinsa ba.

Ni kaɗai na san abin da likita ya faɗa, don ni na kai Baba asibiti ranar da ya ɓata a hanyar ofishinsa. Mantuwa ce irin wadda ba ta warkewa. Ranar zaman kwamitin ina tuƙi ina roƙonsa.

"Baba, ka bari in gaya musu. In sun san ciwo ne ba za su sa ka cikin masu sakaci ba. Sai ka ajiye aiki da mutuncinka."

"Uwata, kalli titi," ya ce.

Shugabar kwamitin a hannunsa ta koyi aiki. Ta buɗe fayil ɗin mai burodi a kan dogon tebur, ba komai ciki sai shatin gindin kofin shayi. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Ranka ya daɗe, ina bayanan ganawarku? Ina aka rubuta ranar wa'adi?"

"Ban rubuta ba."

"Akwai wani uzuri? Rashin lafiya, ko wani abin da ya kamata mu sani?"

Shi take tambaya, amma ni take kallo. Na buɗe baki ke nan, Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa ya danne.

"Babu," ya ce. "Da lafiyata garau na ƙi rubutu, shekara da shekaru. Da na rubuta, ko mutuwa na yi wani zai buɗe fayil ya ga ranar, bawan Allan nan yana nan da tanderunsa. Sakaci ne. Ku sa shi haka."

Haka suka sa. Aka dakatar da shi daga aiki, sunansa kuma zai fito a sanarwa kowa ya gani. Mai burodi ya tashi ya fita bai ko kalle mu ba.

A mota na so in yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Gaskiya ya faɗa, ciwon bai tarar da komai a fayil ɗin ba balle ya goge. Tausayinsa ya cika ni, da wani irin girmansa da ban taɓa gani ba lokacin da yake Kundi.

Mun tsaya a danja ke nan ya juyo.

"Uwata, me suka yanke ne?"

Na gaya masa. Ya daɗe yana gyaɗa kai. Can ya zaro biron da yake maƙalawa a aljihu don ado, ya miƙo min.

"Rubuta min a takarda, ki manna a ƙofar ɗakina. Kada gobe in saka riga in tafi kotu."