Rigar Sanyin Auta

Larai ba mai saurin fushi ba ce, amma ranar da ya zo mata, duk layinsu a Unguwar Mu'azu sai an shaida. Ranar Laraba da hantsi ya zo, lokacin da ta ja buhun masara za ta share bayansa, ta ci karo da rigar sanyin Auta a cukuikuye cikin leda.

Rigar nan fa, yini guda ta yi a Kasuwar Barci tana tonon gwanjo kafin ta samo ta, mai kauri kamar katifa, har da gashi a wuya. Da hannunta ta wanke ta, ta turara, ta danna a akwatin autarta Hafsat, wadda ta samu tallafin karatun likita a ƙasar Rasha. Ko mako ba a rufa da tafiyar ba. Yarinya tana can, riga tana nan bayan masara!

Ta kira ta a bidiyo. Hafsat ta bayyana ƙudundune cikin zannuwa, murya ta dishe, hanci na zuba.

"Auta, ina rigarki?"

Hafsat ta kawar da kai.

"Da ke nake! Kar ki soma yi mini ƙarya, ga ta nan a hannuna."

Sai kuka, sai magana ta fito. A filin jirgi aka ce akwatin ya yi nauyi, dole a rage. Babanta ya duba ya duba, ya bar ƙunshin saƙon da ubangidansa Alhaji Zakariyya'u ya bayar a kai wa ɗansa da ke karatu a can, ya zare rigar, ya ce kar Umma ta ji. Tun da ta sauka iska ke yanka ta, sau ɗaya ta fita sayen burodi ta dawo da zazzaɓi. Jibi ake rufe rajista, in ba ta je da ƙafarta ba gurbinta ya tafi. Shi kuwa Alhaji kullum sai ya bugo, wai ta hau jirgin ƙasa ta kai saƙon wani gari mai nisa, babbar riga ce ta bikin gama karatun ɗansa.

Larai ta ce, "To madalla."

Wanda ya san Larai ya san wannan madalla ba ta alheri ba ce. Ta zura rigar sanyin a kan atamfarta, ta ja zif har wuya, ta fita cikin ranar nan ta ƙarshen damina da ke dafa mutum a tsaye. Mai Keke Napep ya kalle ta ya ce, "Hajiya, lafiya?" Ta ce ya ja su je, ba hira ta fito ba.

A Kamazou Alhaji Zakariyya'u yake gini, kuma shi ke ba mijinta Yahaya aikin kafinta shekara da shekaru. Nan ta same su a inuwar bango, Alhaji a kujera, Yahaya a tsugune da guduma. Da ya hango rigar, gudumar ta suɓuce masa.

"Larai, mene ne haka? Mu je gida mu yi magana."

"Gida? Malam, a gidan ka ɓoye ta ai. Nan za mu yi." Gumi na tsiyaya daga haɓarta, ta juya ga mai kujera. "Alhaji, ina wuni. Na zo ne ka ga abin da aka cire don kayanka su samu wuri. 'Yata karatu na tura ta, ba dako ba. Tana can kwance da zazzaɓi, ko sannu ba ka taɓa ce mata ba, sai ina saƙo, ina saƙo!"

Alhaji ya gyara zama. "Haba Hajiya, ɗan saƙo ne fa. Kowa zai fita waje ana ba shi saƙo, ba a kanta aka fara ba."

"To a kanta za a gama, wallahi!"

Leburori suka ajiye kwanon siminti suna kallo. Larai ta zaro waya, ta sake kira, ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Auta, ɗauko ƙunshin nan. Yage shi."

"Umma, na Alhaji ne fa…"

"Na ce yage shi! Ki saka 'yar cikin, ki saka wandon, ki ɗora babbar a sama. Shadda ce, tana tare iska. Da ita za ki je rajista, daga nan ki wuce asibiti. Mai ita in yana so ya hau jirgin ya zo da kansa, kuma ya zo da rigar sanyi a hannu, a yi musaya."

Alhaji ya miƙe tsaye yana huci. "Yahaya, kana tsaye ana yi mini wannan? Ka yi mata magana, in ba haka ba ka kwashe kayan aikinka yau ɗin nan."

Yahaya ya karɓi wayar, niyyarsa ya tsawata. Sai ya ga 'yarsa a wani ɗan ɗaki mai farin bango, ta nutse cikin babbar rigar wani ƙato, hannuwan sun sha ƙasa, leɓenta ya tsage, haƙora na kaɗawa. Ta yi ƙoƙarin yi masa murmushi, tari ya sarƙe ta. Kunya ta kama shi, irin wadda ke hana mutum ɗaga kai.

"Baba, ka yi haƙuri, Umma ce ta ce…"

Ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa, ya jefa a jaka, ya rataya.

"Auta," ya ce, "akwai hula a ƙunshin. Ki saka ta ita ma, ki rufe kunnenki."