Addu'a a Bakin Ƙofa

Yayata ce shugabar kwamitin asibitin gwamnati na unguwarmu, mace ce da ba ta iya ɓoye fushi. Rufin ɗakin haihuwa yana yoyo, damina ta ƙarato, ni kuma ga ni da tsohon ciki. Ba dama a kira kafinta sai kwamiti ya amince.

To, amma zaman kwamitin ba ya taɓa kaiwa ga maganar rufi. Liman ake gayyata ya buɗe da addu'a, Fasto ya karɓa. Da Fasto ya ga ta Liman ta fi tasa tsawo, sai ya ƙara wa tasa. Zama na gaba Liman ya rama, har kakannin kakanninmu sai da ya nema musu gafara. Kafin a ce amin an kira likita, masu shagunan da ke cikin kwamitin sun sulale ɗaya bayan ɗaya, ɗaki ya zama wayam.

Ranar da abin ya kai ta maƙura, Yaya ta tare Liman da Fasto a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe su.

"Baba Liman, Baba Fasto, ɗakin nan na gwamnati ne, na kowa da kowa. Mu za mu yi maganar kwano a ciki. Ku kuma ga benci a inuwa, ku yi mana addu'a iya son ranku."

Ni da na rako ta, na ce a raina yau Yaya ta jawo mana. Suka juya fuska a murtuke, suka zauna a benci ɗaya, don babu na biyu. Ta taga na jiyo Liman yana cewa yaran yanzu ba su da kunya, Fasto yana cewa ƙwarai kuwa. Ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

A ciki kuwa, kafin shayi ya huce an amince da gyaran rufi.

Ranar da na haihu ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina kwance da 'yata a ƙirji, ina ta kallon sama, ko ɗigo babu. Daɗi ya kama ni har da hawaye. Yaya ta ɗaga labulen taga tana dariya, ta ce in leƙa. Ga su can a bencinsu cikin lema ɗaya, kowa kafaɗarsa guda ta jiƙe sharkaf, suna gardamar addu'ar wa ta kawo kwanon.