Kunnuwan Dawakin Umbu Yiwa

Shekara uku ƙanena Umbu Yiwa yana bin takarda guda ɗaya. Nunin dawakin da muke yi duk shekara a filin bayan kasuwa ya girme shi, ya girme ni, amma a ganinsa wasan ƙauye ne muddin ƙungiyar nan ta Jakarta, mai rajistar jinsin dokinmu na tsibirin Sumba, ba ta buga masa hatimi ba. In ta buga, in ji shi, dokin da ya ci a filinmu zai shiga littafi, masu saye za su riƙa zuwa daga Java da Bali. Sunansa kuma zai hau allo a matsayin shugaban kwamiti. Wannan na ƙarshen bai taɓa faɗa ba, ni na faɗa masa.

Ni ce sakatariyar kwamitin. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, saboda haka duk wasiƙa a kaina take ƙarewa. A shekara ta uku suka amsa. Suka aiko da littafin sharuɗɗa mai shafi arba'in, da sanarwar cewa mai dubawa zai zo nan da mako bakwai.

A barandar gidan mahaifinmu na karanta masa shi, yana taunar pinang, ɗan itacen da muke ci kamar goro, yana gyaɗa kai. Tsayin shinge kaza. Rumfar alƙalai. Banɗaki mai ruwa. Motar asibiti. Duk ya ce an gama. Sai na kai sharaɗi na goma sha bakwai: a tsayar da aƙalla doki talatin marasa aibi. A ƙasa aka jera abin da ake kira aibi, na huɗu a ciki shi ne kunnen da aka tsaga, ko aka huda, ko aka yanka.

Na yi dariya har tabarau ya zame mini. Wane doki ne a ƙasar nan yake da mai shi kuma ba shi da shaida a kunne? Kafin duƙushi ya shekara ake tsaga masa shaidar gidansu. Tamu tsaga biyu ce a kunnen dama, na hagu kuma a raba tsininsa kamar wutsiyar kifi. A wurin jana'iza in aka shigo da dokin gudummawa ba a shela, dattawa kunne suke dubawa su san wanda ya kawo.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa taka kashin doki ba," na ce. "Littafin wasu ya kwafo. Dubi shafi na talatin, an ce a share dusar ƙanƙara daga ƙofar fili. Ka tanadi shebur, Umbu?"

Bai yi dariya ba.

"Bari in rubuta musu layi uku. In ce dawakinmu duk da shaida suke, a gyara mana wannan wurin."

"Ki roƙa mana ragi ke nan."

"In tambaya."

"Rambu, ranar da aka zo neman aurenki, Ama, babanmu, ya faɗi dawakin da yake so da ɓaunayen da yake so. Dangin mijinki sun ce a rage? Da sun ce, da har yau ana ba da labarinsu a kasuwa. An gindaya mana sharaɗi. Mu ba mutanen da ake ragewa ba ne."

"Dangin mijina a tabarma ɗaya suka zauna da mu, suna ganin idonmu. Wannan kuwa wani yaron ofis ne ya buga yana hamma."

"Ke dai komai sai kin raina."

"Abin raini kawai."

Na rubuta wasiƙar duk da haka. Ya karanta, ya linke ta huɗu, ya tura ta ƙarƙashin farantin pinang. Wurin sa hannun shugaba ya zauna fanko. Da na so da na aika da ita da nawa hannun kaɗai, gidan waya ba nisa. Ban aika ba. Ni ma a gidan aka haife ni, kuma wani abu a cikina bai so a ce 'yar Umbu Kalikit ta bi ta bayan ƙanenta ta nemi sauƙi wurin baƙi ba. Wannan abin nake ƙyama fiye da duk abin da ya biyo baya.

Aka nemi masu cikakken kunne a duk gundumar, aka samu tara. Dukansu na ma'aikatan birnin Waingapu ne, dogayen nan masu haɗin jinin waje da ake kiwo a barga, waɗanda in ka sake su a daji kwana uku sai ka kwaso gawa. Su ne za su wakilci tsantsar jinsinmu. Saura ashirin da ɗaya.

Umbu Yiwa ya zaga dangi. Suka ba shi pinang, suka saurare shi, suka tofar da jan yawun pinang a ƙasa, suka ce za su yi tunani. Ya dawo gida ya aika a kira Lapu.

Lapu shi ke kiwon garkenmu tun mahaifinmu na da rai. Tsoho ne gajere, haƙoransa sun yi baƙi, kuma shi ya tsaga kunnen kowane doki da ke garken da hannunsa.

"Ba cirewa za a yi ba," in ji Umbu Yiwa. "Gefe kawai za a rage, a bi da aska a zagaye har tsagar ta ɓace. In ya warke ya zama ƙaramin kunne mai kyau."

Lapu ya ce, "Umbu, ni na san masu yin wannan aikin. Da daddare suke yi, kuma ba a garken ubansu ba."

"Dawakina ne."

"To ka saci kayanka. Hannuna dai ba ya ciki."

"Ka tsufa, hannun naka ma rawa yake."

"Yana rawa. Amma ya san dama da hagu."

Bayan kwana biyu wani Domu ya zo a kan babur da hantsi, da 'yar jaka a rataye. Ba wanda ya tambaye shi inda ya koyi sana'ar, don kowa ya sani. Ya shimfiɗa tsumma a kan dutse ya jera almakashi biyu da aska da kwalbar jan magani, yana fito. Maza huɗu suka riƙa kayar da doki, ɗaya ya danne wuya da gwiwa, Domu ya kama kunne ya zagaye shi kamar mai fere rogo. Gwani ne, wannan ba zan hana shi ba. Abin da ya yanke sai ya jefa a wani kwanon roba shuɗi, wanda muke wanke shinkafa a ciki. Karnukan gidan suka yi layi.

"Rambu, ki koma ciki mana," in ji ƙanena. "Wannan ba kallon mata ba ne."

"Ni ce sakatariya. Ina ɗaukar bayani."

Ingarmanmu Wulang aka bari ƙarshe, kili mai shekara goma sha ɗaya, uban rabin garken. Umbu Yiwa ya so ya tsallake shi, na ga haka a fuskarsa. Amma lissafi ya tsaya a ashirin, sauran kuwa goɗiyoyi ne masu ciki da ba za a kayar ba, da duƙusai. Wulang bai saba da igiyar kowa ba sai ta Lapu, ya yi ta tuma yana haniniya har ya tsinka ragama. Domu ya goge aska a cinyarsa ya ce, "Tsoho, zo ka riƙe mana ɗanka, in ba haka ba zai karya ƙafa." Lapu ya taso daga gindin bishiya, ya dafa goshin dokin, ya yi masa magana a hankali har ya kwanta. Bai kalli kunnen ba. Da aka gama ya je ya wanke hannunsa da ƙasa, ko da yake ko ɗigon jini bai taɓa shi ba.

Ruwan da ake zaton ya ɗauke sai ya dawo a makon. Ƙuda ya biyo shi. Kunnuwa shida suka kumbura suka fara wari, biyu suka yi tsutsa. Ni da Lapu muka riƙa zama kowace safiya, shi yana riƙe kai, ni ina tsince su da ɗan hantsaki ina zubawa a gwangwanin kananzir. Kullum Umbu Yiwa sai ya leƙo daga nesa, hannu a baya.

"Yaya, suna warkewa?"

"Matso ka shinshina."

Bai taɓa matsowa ba. Ya shagala da fentin shinge da banɗakin alƙalai, wanda ya sa aka yi wa tayil fari.

Sun warke, in dai warkewa ita ce rufewar fata. Kunnuwa suka zama 'yan guntaye masu santsi, kamar an dasa wa doki na ɓera. Ƙuda in ya sauka ba su da abin kora, sai dai su yi ta kaɗa kai.

Mai dubawar, Pak Gunardi, wato Malam Gunardi, ya iso ranar da aka ce. Siriri ne mai ladabi, da ciwon ciki da ya taho da shi daga jirgin ruwa. Aka tare shi da farantin pinang, ya taɓa da yatsa ya yi godiya. Aka yafa masa saƙaƙƙen zane a kafaɗa, aka yanka masa akuya. Ya fito da ma'auni ya auna shinge a wuri huɗu. Ya tsaya a rumfar alƙalai ya duba inda rana za ta faɗo. Banɗakin kuwa ya duba shi sau uku, kowane karo ya fito yana yabawa.

Dawakin talatin suna jere a ɗaya gefen filin, an wanke su an tsefe musu geza. Pak Gunardi ya tsaya a inuwa, ya kare ido da littafinsa.

"Talatin ne, Pak Umbu?"

"Talatin cif, Pak. A zo a gani ɗaya bayan ɗaya."

"Haba, ai na yarda da kai." Ya ja layi a takarda.

Umbu Yiwa ya yi tsaye da murmushin da ya tanada, ba inda zai kai shi. Ni kuwa bakina ya ƙi zama.

"Pak, sharaɗi na goma sha bakwai fa? Maganar kunne."

Ya buɗe littafin yana neman wurin, da gani bai san inda yake ba. Da ya samu ya karanta, sai ya yi 'yar dariya, ya kira ni da laƙabin da ake girmama mata da shi. "Ayya, Ibu. Wannan tun kwamitin farko aka fassaro shi, duk shekara muna cewa za mu cire. Ai ba da ku ake ba. Wa zai hana mutanen Sumba tsaga kunne? Da kun bugo waya ma da an faɗa muku."

Wani daga cikin dattawan kwamiti ya juya ya tofar da pinang.

A nan idonsa ya kai kan tsohuwar goɗiyar Lapu, wadda ya ɗaure a gindin bishiya nesa da jerin, da shaidar gidansu a kunne, tsaga uku da huda. Pak Gunardi ya manta da ciwon ciki. Ya je ya ɗauke ta hoto ta gaba, ta gefe, ya sa Lapu ya riƙe kunnen a miƙe.

"Ga abin da muke so a takardar talla! Wannan ai tarihi ne, Bapa."

"Kunne ne," in ji Lapu.

A hanyar dawowa dole ya bi ta gaban jerin. Ya wuce dogayen Waingapu tara bai tsaya ba. Ya zo kan namu ya rage tafiya, ya tsaya gaban Wulang, ya karkata kai.

"Ikon Allah. Ban taɓa ganin kunne ƙanana haka ba. Kuma duk iri ɗaya. Pak Umbu, jinin wannan yankin ne haka?"

Na kalli ƙanena. Mutum ɗari ne a filin, kuma ban da baƙon nan ba wanda bai san sunan Domu ba. Kalma ɗaya ta gaskiya za ta mai da shi mutumin da ya yi wa garken ubansa aikin ɓarayi a banza, a gaban baƙon da ya yafa wa zane.

"Haka ne, Pak," ya ce. "Jinin yankinmu ne."

"Madalla!" Pak Gunardi ya buɗe sabon shafi ya yi rubutu mai tsawo. "Wannan dole ya shiga rajista, reshe na musamman. Irin wannan ake nema a kiyaye kada ya ɓace. Baɗi da kaina zan dawo, ina so in ga 'ya'yan wannan ingarman."

Ya sa hannu a kan teburin alƙalai, ya hura wa hatimin iska ya danna. Aka tafa. Umbu Yiwa ya karɓi takardar da hannu biyu, aka ɗauke su hoto, ni a gefe da littafin sharuɗɗa a hammata.

Da motar baƙon ta fita aka fara kwance dawaki. Ƙanena ya zo inda Lapu yake warware igiyar Wulang, takardar tana manne a ƙirjinsa kada iska ta lanƙwasa ta.

"Lapu, goɗiyoyi nawa ne ke da cikinsa?"

"Goma sha ɗaya."

"Yaushe za su fara haihuwa?"

Lapu ya miƙa masa igiyar. Umbu Yiwa ya rasa hannun karɓa, ya matse takardar a haɓa ya karɓa. Tsohon ya kwance goɗiyarsa, ya hau ba sirdi, ya bi hanyar da ba ta gidanmu ba.

Umbu Yiwa ya juyo gare ni. "Rambu, za ki rubuta musu wasiƙar godiya?"

"Ka iya rubutu," na ce.