Farar Gora Mai Murfi

Aikinmu a kamfanin ware robobin shara abu uku ne: matsa, kwance, jefa. Bel ɗin injin da ke tafiya a gabanmu ya kawo robobin da aka kwaso daga unguwanni, ki cafki gora, ki matsa ta a tafin hannu ki ji ko da ruwa a ciki, ki kwance murfin, ki jefa ta kwandon kalarta. Shekara bakwai ina yi. Hannuna ya fi ni sanin aikin, ni dai tsayuwa kawai nake a bayansa.

Ranar Talata da hantsi wata farar gora ta zo, irin ta madara wadda ba a ganin cikinta. An wanke ta tas, an ɓare takardar jikinta, an ɗaure murfin tamau. Na matsa. Sai na ji kamar cizon tururuwa a gindin babban yatsana. Na kwance murfin na zazzage. Allurai ne cike, ɗaya ta huda gorar, ta huda safar hannuna, ta shiga nama.

Abokiyar aikina Rediyo ce ke tsaye a damana. Sunan ba a banza ta ci shi ba, don ko atishawa take sai ta ƙarasa labarinta. Ranar katse labarin ta yi ta ƙwala wa Oga kira. Nan na san abin ba ƙarami ba ne.

Oga ya tsayar da bel, ya duba yatsan, ya duba agogo, ya ce in tafi asibiti.

Nas ta wanke wurin, ta ɗebi jinina, ta ba ni ƙwayoyin da zan sha wata guda. Ba a san jikin wa allurar ta fito ba, balle cutar da yake ɗauke da ita, in ji ta, sai an sake gwaji bayan sati shida. Tana rubutu ta ga rigata ta jiƙe a ƙirji.

"Goyo kike yi?"

"Watanta huɗu."

"To Maman yarinya, ki dakata da ba ta nono sai sakamako ya fito. Ki riƙa tatsa kina zubarwa, kada ya ƙafe."

Na ce to. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Abin da na tuna kawai shi ne takalmin nas ɗin, igiyar ɗaya ta kwance.

A gida Inna ce ke riƙe min 'yata Kumatu in na tafi aiki. Mahaifiyata ce, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma abu kaɗan ke hana ta barci. Don haka na ce mata ƙarfe mai tsatsa ne ya yanke ni, maganin da aka ba ni kuma ba ya shiri da shayarwa. Baban Kumatu kaɗai ya san gaskiya. Ya zauna bakin gado yana juya hularsa, can ya tashi ya je ya sayo madarar gwangwani da fida.

Kwana uku yarinyar nan tana tsala ihu. Ta tofar da fida, ta cusa fuska a rigata tana nema, ni kuma in miƙa wa Inna ita in shige banɗaki in tatse cikin kofi in zubar. A rana ta huɗu yunwa ta ci ƙarfinta ta karɓa.

Tatsa a wurin aiki kuwa, nas ba ta san wurin aikinmu ba. Hutunmu minti goma ne, banɗaki ɗaya, mu mata talatin da wani abu. Ina shiga za a fara dukan ƙofa: "Ke, haihuwa kike a ciki?" Rediyo ta kan tsaya ta tare min ƙofar tana zagin kowa da kakarsa, amma ita ma fitsari take ji. Na tambayi Oga ko zan yi amfani da ɗakin ajiye kaya. Ya ce ɗakin na baƙi ne, an yi masa sabon fenti.

Baƙin kuwa suna zuwa duk Alhamis. Mutanen kirki ne, wallahi, ba gatse nake ba. Su ne masu ware shara kwando uku a gidajensu, masu zuwa kasuwa da jakar yadi don kada su karɓi leda. Ana ba su takunkumi da hula su zagaya su ga inda robobinsu ke zuwa. Wata mai gilashi ta tsaya kaina, idonta har ya kawo ruwa, ta ce, "Ku ne kuke ceton duniyar nan, kun sani kuwa?"

Na ce, "Mun gode." Ƙirjina a lokacin ya yi tam kamar dutse, na cusa tsumma a ciki.

Na ɗauki sabuwar ɗabi'a: kowace gorar da ba a ganin cikinta sai na girgiza ta a kunne kafin in matsa. Oga ya ce ina jan layi baya. Na ce to. Na ci gaba da girgizawa, shi ma ya ci gaba da faɗa, ko a jikina.

A sati na uku na daina buƙatar tsumma. A na biyar, in na tatsa, ko gindin kofi ba ya rufewa.

Ranar sakamako nas ta yi min murmushi tun daga ƙofa. "Babu komai. Za ki dawo mu ƙara tabbatarwa, amma je ki ba ta abinta." Na ce alhamdu lillahi, don abin da ake cewa ke nan. Na nemi murna a jikina ban same ta ba.

Ban koma aiki ba, gida na wuce, rana ce ta farko da la'asar ta same ni a ɗakinmu. Na wanke hannu, na karɓi Kumatu daga cinyar Inna, na ɗaga riga. Ta kalle ni. Ta kama, ta ja sau biyu, ta saki. Na juya ta ɗaya ɓangaren. Ta bankare, ta kawar da kai, tana miƙa hannu wajen fidar da ke kan tebur.

"Ƙara gwadawa mana," in ji Inna.

"Babu komai a ciki, Inna."

Na ɗauko fidar na ba ta. Ta riƙe da hannu biyu tana zuƙa, tana kallon silin.

Inna ta yi tsaki. "Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya jefa ƙarfen nan. Mutane ba su da imani. Ka yar da abu ba ka tunanin hannun da zai ɗauka?"

Tana faɗa tana janyo jakar maganinta, don lokacin allurarta ta suga ya yi. Ni ban cika ganin tana yi ba, ina wurin aiki. Ta ɗaga gefen riga ta soka, ta cire. Sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin gadonta ta jawo wata farar gora, irin ta madara, wankakkiya, ba takarda a jikinta. Ta jefa allurar ciki, ta ɗaure murfin da dukan ƙarfinta har tana cije leɓe.

"Kin ga ni, haka nake yi, kada ta soki ɗan wani. Ta ma cika. Tunda kina gida, hutar da ƙafata, ki sa min ita a kwandon roba. Roba da roba, ko ba haka kika koya min ba?"

Haka na koya mata. Ni da bakina, tun shekarar da na fara aiki.

"Wannan ta nawa ce, Inna?"

"Wa ya ƙirga? Tun da aka ɗora ni kan allura. Ni ba na yar da abu sakaka."

Ta miƙo min tana jiran in yaba. Kumatu na zuƙar fida a cinyata. Na karɓi gorar da hannun da ke da tabon, hannun ya kai ta kunnena da kansa ya girgiza.

Na ce, "To, Inna. Bar ta a wurina."