Doka ta Huɗu a Gidan Baba Benson

Duk wanda zai kama haya a gidan Baba Benson da ke Romi, sai ya zauna a benci Baba ya karanta masa dokoki bakwai, ya sa hannu, kafin ya ga makulli. Ta huɗu ce yake karantawa sau biyu: ba hita, ba rishon lantarki, ba esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wanda aka kama, a ba shi kwana bakwai ya kwashe komatsansa. Ranar da ya karanta mini da ƙyar na danne dariya. Mu da fanka ma sai an lallashe ta take juyawa, wa zai kawo esi ɗaki ciki da falo? Na ɗauka tsoho ne kawai yake so a san ya yi shekara talatin yana aikin lantarki a masaƙa a Kakuri.

Sunana Mercy, amma a gidan nan Maman Peace ake ce mini. Ɗinki nake yi a ɗakina, kuma bango ɗaya ne ya raba ni da Edith da mijinta Nathan.

Sun shigo gidan ne bayan rikicin shekarar 2000, lokacin da kowa ya tsallaka kogi ya koma inda nasa suke, ɗaki a Romi ya zama abin da ake roƙo da gwiwa a ƙasa. Nathan malamin firamare ne a da. An cinna wa gidan da suke haya wuta yana ciki. Ya fito da ransa, amma daga wuya zuwa ƙugu fatarsa ta zama tabo zalla. Edith ta ce mini irin wannan fata ba ta yin gumi. Mu in zafi ya dame mu sai mu jiƙe, iska ta huro mu ji sauƙi. Shi zafin taruwa yake yi a cikinsa, ba ta inda zai fita. Bazarar farko sau biyu yana suma, kuma a na biyun likita ya gaya wa Edith kada ta yarda a yi na uku.

Edith tana buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati. Da mulkin farar hula ya zauna daram aka fara sauya kayan ofis, aka yi gwanjon tsofaffin, ta samu wani tsohon esi na taga. Ranar Lahadi, gida duk an watse coci, ta kawo mai gyaran firji ya kafa shi a tagar baya, wadda ke kallon lungun da ke tsakaninmu da shagon injin niƙa. Suka rufe bayansa da tsohon kwanon rufi da kwalaye. Dabararta kuwa ta yi kyau, ba zan hana ta ba. Ba a kunna shi sai injin niƙa ya tashi da tsakar rana, ƙarar injin ta haɗiye tasa, a kashe shi da la'asar.

Keken ɗinkina ne ya tona mata asiri. Kullum sha biyu ta ɗan gota, sai motar keken ta ja numfashi, ƙwan fitila ya yi ja kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo. Kwana biyu na gane. Na ci gaba da ɗinkina. Ita ma ta san na sani, domin wata yamma ta kawo mini gwate a kwano, irin na mutanen Filato, ta ajiye, muka kalli juna, ta fita. Na ci gwaten tas, na ci gaba da rufe bakina har mako uku.

Baba Benson kuwa ya canza. Mutumin da ke kashe fitila a bayan mutane ya koma kunna ƙwan baranda da rana tsaka, ya ja kujera ya zauna yana kallonsa. In ƙwan ya yi ja sai ya duba agogo. Wani lokaci ya tashi ya je wajen mita, ya ɗora bayan hannunsa a jikin akwatin, ya daɗe a tsaye. Ba ya faɗa, ba ya tambaya, kuma wannan shirun nasa ya fi faɗa tayar mini da hankali.

Wata rana ya tsaya a ƙofata.

"Maman Peace, kin sayi hita ne?"

"A'a, Baba. Ni da gawayi nake komai."

"Wani yana jan wutar da gidan nan ba zai iya ɗauka ba," ya ce. "Ni na ja wayoyin nan da hannuna. Sirara ne, na fitila da fanka. Ba don mugunta na rubuta doka ta huɗu ba."

Na sunkuyar da kai kan ɗinkina har ya wuce. A raina na ce tsoho da son tsorata mutane.

Ranar Asabar ta tsakiyar Maris aka yi wata rana mai zafin da ko kaji sun buɗe baki. Peace, 'yata mai shekara biyu, tana barcin rana a katifarta a gindin bangon nan da ya raba mu da su Edith. Sai na fara jin wani wari, kamar kifin da ya kwana. Na duba tukwane, na duba ƙarƙashin gado, ba komai. Da na ɗaga kalandar zumuntar mata da ke rataye a bangon, sai na ga fenti ya kumbura ya yi layi ruwan ƙasa, daga sama ya gangaro. Na taɓa, na janye hannu ba shiri. Layin ya tsaya ne taƙi ɗaya a saman kan yarinyata.

Na sunkuci Peace na fita. Ƙofar Edith tana nan a gefena, taku biyu. Zan faɗi gaskiya ko da za a zage ni: ban ƙwanƙwasa ba. Na san in na ga fuskarta zan sake yin shiru. Na wuce kai tsaye wurin Baba.

Ya zo ya taɓa bangon, ya sunsuna. Ya je wajen mita ya zare fis, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar Edith. Da ta buɗe, wani sanyi ya zubo a ƙafafunmu. Ba Baba ta kalla ba, ni ta kalla.

"'Yata, zo ki ga wani abu," in ji Baba.

Ya kai ta ɗakina, ya kama hannunta ya ɗora a kan layin. Ta janye, ta ga katifar a ƙasa, sai ta durƙusa.

"Baba, wata ɗaya ya rage ruwa ya sauka. Wata ɗaya kawai nake roƙo."

"Wayar nan ba ta da kwana uku."

"To a ja mana mai kauri, Baba. Don Allah."

"Daga ina? Layin da ya shigo daga falwaya shi ma siriri ne. Sai an rubuta takardar neman sabuwar mita, a zo a duba, kafin a sa hannu damina ta wuce. Kuma tun da taransifoma ta ƙone bara, kwamitin unguwa ya hana esi a layinmu. In suka ji, gidan duka za su yanke." Ya goge fuskarsa da hularsa. "Takarda ta ce kwana bakwai. Ba zan kore ku ba, ina za ku je? Amma abin nan yau zai fita."

Sai muka ji motsi a bayanmu. Nathan ne, ɗaure da zane a ƙugu, yana dafe da ƙyauren ƙofata. Rabon da in gan shi a waje da rana har na manta.

"Maman Peace, a nan yarinyar take kwanciya?" ya tambaye ni.

"A nan, Malam."

Ya kalli katifar.

"Tun shekaranjiya nake jin warin," ya ce a hankali. "Na san shi. Babu wanda ya fi ni saninsa a gidan nan. Na yi shiru saboda sanyin yana mini daɗi."

"Nathan," in ji Edith.

"Tashi, Edith. Kada ki ƙara roƙo."

Ya koma ɗakinsu, muka ji ya zare filogin da kansa. Baba ya ɗauko sukundireba, shi da mai injin niƙa suka sauke esin suka ajiye a baranda, ruwa na ɗiga daga gindinsa. Inda aka cire shi ya bar rami a taga, rana ta shigo ta nan ta kwanta a kan gadonsu. Baba ya ce ba zai mayar da fis ba sai ya fasa bangon ya sauya wayar da ta narke, aikin kwana biyu. Ke nan ko fanka babu.

Edith ta zo ƙofata, muryarta a bushe.

"Maman Peace, ara mini bokitanki, da duk tawul ɗin da kike da shi."

Na kwaso har da zannuwan coci. Na ja ruwa a rijiya na cika bokitai uku na kai mata bakin ƙofa. Ta karɓa ba ta dube ni ba, ta tura ƙyaure. Ban yi nadamar ɗauke 'yata ba, har gobe ba zan yi ba, amma kunya da tsoro suka cika ni. Na ɗaga kai sama, babu ko ɗigon gajimare.

Na koma ɗaki na cire bel ɗin motar keken, na ci gaba da taka keke da ƙafa, don kawai kada in zauna haka. Ta bango ina jin tana matse tawul a bokiti, ta shimfiɗa, ta sake matsewa. Wajen ƙarfe uku ƙarar ruwan ta tsaya. Sai na ji tana kiran sunansa, ƙasa-ƙasa, sau ɗaya, sau biyu.

Na ɗauke ƙafata daga keken, ina jira in ji ya amsa.